Yadda za ka shiga Gwanzu karon farko ba tare da garin ya ruɗa ka ba

Tun da na dawo mutane ke tare ni a kasuwa da tambaya iri ɗaya, wai yaya Gwanzu take, me mutum zai fara yi idan ya sauka, to na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Gwanzu dai ita ce za ka ga an rubuta Guangzhou a tikitinka, tana kudancin Chana a bakin wani babban kogi, kuma ƙidayar da suka yi a 2020 ta nuna mutum sama da miliyan 18 ne a cikinta. Ka riƙe wannan adadin a ranka don shi ne zai fassara maka duk abin da za ka gani, cunkoson, saurin, da yadda ba wanda ke da lokacin tsayawa ya yi maka kwatance.

Abin da nake so ya zauna maka tun yanzu shi ne, garin nan da waya yake aiki, kuma shirin wayar tun daga gida ake yin sa. WhatsApp, Facebook, Google, Gmail, YouTube duk ba sa buɗewa da layin ƙasar ko wayifai ɗin otal, idan ka bari sai ka sauka sannan za ka nemi mafita to ka shiga uku, don ko gida ba za ka iya sanar wa ka iso lafiya ba. Mafi sauƙi ka kunna romin, wato tsarin da ke ba layi damar aiki a ƙasar waje, a layinka na gida ko ka sayi irin sim ɗin matafiya da ake sakawa a waya ta intanet, da su komai naka zai buɗe kamar kana gida. Sannan ka sauke WeChat, manhajar hirarsu ce irin WhatsApp, ka buɗe asusu tun kana Najeriya, ka sa iyalinka su ma su sauke, wani lokacin sai wani mai tsohon asusu ya tabbatar da kai kafin ya buɗe, ka ga kuwa wannan a gida ya fi sauƙin samu. Duk mai shagon da za ka yi hulɗa da shi a can WeChat zai tambaye ka, a nan zai turo hoton kaya, a nan za ku yi ciniki, kuma yana fassara saƙo da kansa, kai ka rubuta da Turanci shi ya karanta da yarensa. Ka ƙara da Alipay, manhajar biyan kuɗi da waya, tun 2023 suka sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin Visa ko Mastercard da shi, sai dai ka gwada katinka tun a gida ka ga ko bankinka na bari a kashe kuɗin waje da shi. Taswira kuma Amap ce ke aiki daidai a can, motar haya DiDi.

Maganar takardu ba zan ja ta ba. Bizar kasuwanci ita ce mai harafin M, tana buƙatar takardar gayyata daga kamfani na can, ka tafi da katin rigakafin shawara, fasfonka kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Amma akwai abu biyu da nake roƙonka da girman Allah kada ka yi wasa da su. Na farko kwanakin da aka ba ka, dokarsu tarar yuwan 500 ce, yuwan shi ne kuɗin ƙasar, a kan kowace rana da ka ƙara, har zuwa yuwan 10,000, ko a tsare mutum, kuma sunanka ya ɓaci a wajensu ke nan. Na biyu rajistar masauki, idan otal ka sauka su za su yi maka da fasfonka, idan kuwa gidan wani ɗan'uwa ka sauka to dole cikin awa 24 ku je ofishin 'yan sanda na unguwar a yi maka rajista. Fasfonka kuma kullum yana jikinka, ko tikitin jirgin ƙasa na zuwa wani gari ba za ka saya ba sai da shi.

Daga Kano ko Abuja yawanci ta Addis Ababa, Alƙahira ko Doha ake bi, kuma mutanen Chana suna gabanmu da awa bakwai, wato lokacin da kake jin barci ya kama ka sosai su gari ya waye musu. Ranar farko kada ka ce za ka shiga kasuwa, kanka ba ya tare da kai, kuma wanda kansa ba ya tare da shi bai kamata ya riƙe kalkuleta ba.

Idan ka fito daga filin jirgin Baiyun da manyan jakunkuna ka hau DiDi ko tasi daga layin da aka tanada, ka nuna wa direba adireshin otal ɗinka da rubutunsu na Chana, ka ajiye hotonsa a waya tun daga gida, domin idan ka karanta masa sunan da bakinka wallahi ba zai gane ba ko sau goma ka maimaita. Kada ka bi masu tare mutane a ƙofar fita suna cewa taksi taksi. In kuwa kayanka ba yawa to jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ake ce wa metiro, yana nan cikin filin jirgin, layi na 3 ne, ka sauka a Jiahewanggang ka koma layi na 2, shi zai kai ka Sanyuanli, in ka wuce kaɗan ka iso babbar tashar jirgin ƙasa ta Gwanzu sai ka koma layi na 5, tasha ɗaya ka iso Xiaobei, wadda mutanenmu ke kira Shawbe. Waɗannan unguwanni biyun su ne matattarar 'yan Afirka, a Shawbe za ka fi samun Musulmi, 'yan Mali, Gini, Nijar, Larabawa da namu, a Sanyuwanli kuma 'yan kudancin Najeriya sun fi yawa. Tsofaffin zuwa za su gaya maka yanzu ba kamar da ba ne, mutane sun ragu sosai, musamman bayan abin da ya faru a watan Afrilun 2020 lokacin korona da aka riƙa fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal-otal, amma har yanzu in ka tsaya a gaban ginin Tianxiu da yamma ba za ka daɗe ba za ka ji Hausa ta wuce ta gefen kunnenka.

Bari in ɗan tsaya a kan metiron nan don shi ne ƙashin bayan garin, wanda ya iya shi ya iya Gwanzu. Kuɗinsa daga yuwan 2 yake farawa ya ƙaru da nisan tafiya, kana iya sayen wani ɗan kwabon roba a inji ko ka biya da Alipay, a kowace ƙofa sai an saka jakarka a na'urar bincike, ana sanar da tashoshi da yarukansu biyu da kuma Turanci, kowace ƙofar fita tana da harafi, A, B, C, kuma wannan harafin ka riƙe shi da kyau don in ka fita ta ƙofar da ba ita ba za ka iya tsintar kanka a ɗaya gefen titi mai layi takwas wanda ba a tsallaka shi da ƙafa sai ta gada. Duk wanda zai yi maka kwatance ka ce ya haɗa da harafin ƙofa. Rana ta uku da zuwana na shiga tashar Tiyu Xilu wajen ƙarfe shida na yamma, inda layi na 1 da na 3 suke haɗuwa, ban taɓa ganin taron mutane irin wannan ba in ba a aikin Hajji ba, an jera ƙarafa an yi lungu-lungu mutane na bi a hankali, ma'aikata da lasifika a hannu suna ba da umarni, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne shirun, dubban mutane amma ba hayaniya, kowa idonsa a wayarsa, ƙafafu kawai kake ji, jirgi ya zo ya cika ya tafi kafin ka gyara tsayuwa wani ya iso. Wata tsohuwa ƙarama da kwandon kayan miya tana gabana, da ƙofa ta buɗe ban san lokacin da ta shige ba, ni kuwa ina jiran a ba ni hanya har jirgi biyu suka wuce ni. A nan ba a jiran a ce bismillah, in layinka ya zo ka shiga kawai, ba rashin kunya ba ne a wajensu. In kana da hali ka guji metiro daga bakwai da rabi zuwa tara na safe, da biyar da rabi zuwa bakwai na yamma.

A kan titi kuma ka kula da babura masu batir, ba su da ƙara ko kaɗan kuma har kan hanyar masu tafiya da ƙafa suke hawa, masu kai abinci ne yawanci suna tsere da lokaci, kafin ka juya ko ka matsa gefe ka waiga tukuna.

Yanzu ga shawarar da na fi so ka ɗauka a duk rubutun nan. Kwana biyun farko na shiga kasuwa kada ka sayi komai. Komai kyan kaya komai arahar da ka gani, ka riƙe kuɗinka. Dalili shi ne kasuwannin Gwanzu ba irin namu ba ne da za ka zaga Kwari a yini ɗaya ka san farashin kowa, a can kowane irin kaya da unguwarsa, kuma a unguwar benaye ne jere kowane bene hawa-hawa kowane hawa ɗaruruwan shaguna. Kayan sawa suna kewayen babbar tashar jirgin ƙasa, irin su Baima, da kuma Shisanhang da Shahe waɗanda da sassafe suke ci, in ka je bayan azahar ka tarar ana tattarawa. Jakunkuna da kayan fata suna Sanyuwanli. Yadi da leshi da kayan ɗinki suna Zhongda, kusa da jami'ar Sun Yat-sen a layi na 8, wannan kasuwar ita kaɗai gari ce, ɗan Kwari in ya shige ta sai ya yi shiru. Kayan wasan yara da tarkacen kyaututtuka titin Yide. Kujeru, gadaje da tayil sai ka fita zuwa Foshan, maƙwabciyarta ce kuma metiro na zuwa. Waya da kayan wuta kuwa uwarsu tana Shenzhen a Huaqiangbei, daga tashar kudu ta Gwanzu jirgin ƙasa mai gudu kamar rabin awa ne. To kaya iri ɗaya za ka gan shi a hawa na ɗaya da wani farashi, ka hau hawa na huɗu ka same shi ƙasa da haka, ka shiga lungun bayan ginin ka tarar da wanda yake ba su duka sari. Wanda ya saya ranar farko kusan kullum shi ke cizon yatsa rana ta uku.

Abin da za ka yi a kwana biyun nan shi ne, duk shagon da kayansa suka yi maka ka ɗauki hoton kayan, ka ɗauki hoton katin shagon a kan kayan don kada su cakuɗe maka, ka rubuta farashi da mafi ƙarancin adadin da suke sayarwa, ka karɓi WeChat ɗinsu, da dare a otal ka zauna ka jera su ka kwatanta. Ciniki da kalkuleta ake yi, ita za ta buga nata ta miƙo maka, kai ka goge ka buga naka, in ta girgiza kai ta ƙara bugawa, haka har ku daidaita, kuma yawancin masu tsaron shagunan mata ne, sun san aikinsu sosai. Kalmomi kaɗan za su taimake ka, ni hao ita ce sannu, duo shao chiyan nawa ne, tai gwei la ya yi tsada, shiye shiye na gode, kuɗinsu kuma a baki kwai suke cewa ba yuwan ba. Ka koyi yadda suke ƙirga shida zuwa goma da hannu ɗaya, in ta ɗaga babban yatsa da ƙaramin ta naɗe sauran to shida take nufi, in babban yatsa da manuniya ne kamar bindiga to takwas ne ba biyu ba, wannan ya ruɗa mutane da yawa. Kuma ka sani a kasuwar sari ba a yi maka ragin rabi kamar yadda muke taya kaya a gida, ribarsu a yawa take, adadin da za ka ɗauka shi ke sauko da farashi. In ka matsa lamba sosai a kan araha za su ce to, amma su rage ingancin kayan, kuma ba za su gaya maka ba.

Wannan ya faru da ni, shi ya sa nake faɗa da zafi. Na ga wasu takalman yara a wani shago, na duba tafinsu na lanƙwasa na ja ɗinkin, masu kyau ne, muka yi ciniki na matsa har ta sauko, na ba da kafin alƙalami na tafi ina murna. Ranar karɓa an kai kayan sito an riga an ɗaure kwalaye, ni kuma jirgina washegari, na buɗe kwali ɗaya na sama na ga daidai na sa hannu. Sai da kaya suka iso Kano bayan wata biyu na ga tafin da ke sauran kwalayen ba shi ne na samfur ba, siriri ne, yaro ya yi sati biyu da shi ya tsage, a haka na karyar da su na ci asara. Don haka samfurin da kuka yi ciniki a kansa ka sa hannu a jikinsa da alƙalami ka tafi da shi ko ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, a rubuta komai a rasit, launi, lamba, adadi, ranar kammalawa, kafin alƙalami ya zama wani kaso ne kawai, yawanci kashi 30 cikin ɗari ake bayarwa, cikon sai ka ga kaya da idonka, kuma a sito ka buɗe kwalaye daga tsakiya da ƙasa ba na sama kawai ba. Ka bar kwana biyu a ƙarshen tafiyarka musamman don wannan dubawar.

Masu kago, wato masu turo kaya gida, suna da yawa a Shawbe da Sanyuwanli kuma akwai Hausawa a cikinsu. Na jirgin sama da kilo ake biya, na ruwa da girman wajen da kayanka suka ci a kwantena, shi ne za ka ji ana cewa CBM. Ka tambaya tun farko ko kuɗin ya haɗa da kwastan da kawowa har Kano ko a Legas za a sauke maka, kayan da ke da batir ko ruwa-ruwa kuma hanyarsu daban da farashinsu daban. Mai kago da tafinta duk ta hannun wanda ya taɓa aiki da su ake samunsu, ka tambayi 'yan kasuwarku da suka riga ka zuwa, kuma ka san cewa tafinta da yawa suna da la'ada a wajen mai shago bayan abin da kai ka biya su, ba laifi ba ne in ka yi maganar a fili tun farko ku daidaita.

Abinci shi ne abin da ya fi tayar wa namu hankali, mutanen yankin nan suna cin alade sosai kuma har man girkinsu da romonsu yana iya zama nasa, saboda haka ko shinkafa da ganye ba ka shiga ko'ina ka ci. Ka haddace wannan alamar 清真, ita ce halal a rubutunsu, yawanci a kan allo kore. Kusan kowace unguwa akwai shagon taliyar Lanzhou na Musulmin Chana, za ka gan su da farar hula matan da ɗankwali, a gabanka saurayi zai ja ƙullin fulawa da hannu ya naɗa ya sake ja har ya zama taliya siri-siri ya jefa a tukunya, a zuba romon naman sa da yaji, da zafinta, ga araha ga ƙoshi. In ka yi musu sallama za ka ga fuskarsu ta canza. A Shawbe kuma akwai gidajen abincin Larabawa, Turkawa, 'yan Xinjiang masu gasa tsire da gurasa, da na 'yan Afirka. Duk da haka ka sako yajinka da ɗan garin rogo ko dabino a jaka, amma banda kilishi da duk wani nama, ba a shiga da shi ƙasar. Ruwan famfo ba a sha sai an tafasa. Banɗakunan waje kuma na tsuguno ne amma ba buta ba ruwan tsarki, wani wajen ko takarda babu, ka riƙa yawo da 'yar gorarka a jaka.

Sallah kuma ka tuna alƙibla a can yamma take ba gabas ba, jikinka zai riƙa ja ka gabas saboda sabo, ka duba manhajar alƙibla. Ranar Juma'a ka yi ƙoƙari ka je masallacin Xianxian kusa da tashar Yuexiu Park a layi na 2, cikin wani lambu yake mai manyan itatuwa, Musulmin garin suna cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne a wurin, duk da cewa abin da ke littattafan tarihinmu shi ne a Baƙi'a ta Madina aka binne shi, Allah ya ƙara masa yarda. Ni dai abin da na gani ya ishe ni, sahu ɗaya ga ɗan Chana ga Balarabe ga ɗan Pakistan ga Bamale ga ni, mutane sun cika harabar har ƙarƙashin itatuwa, liman ya yi wa'azi da yarensu ban ji ko kalma ɗaya ba amma da aka tayar da sallah ya fara Fatiha sai da idona ya kawo ruwa. Akwai kuma masallacin Huaisheng kusa da tashar Ximenkou, yana cikin mafi daɗewa a duk ƙasar, da doguwar hasumiyarsa mai kamar turmi wadda a da can jiragen ruwa ke gane gari da ita.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Babban bajekolinsu na Canton Fair tun 1957 ake yin sa, sau biyu a shekara a Pazhou, yana farawa 15 ga Afrilu da 15 ga Oktoba, kashi uku ne kowane kashi da irin kayansa, yana da amfani ga mai neman masana'anta da zai yi odar kwantena, amma otal na tsada sosai a lokacin, ƙaramin ɗan sari bai cika buƙatarsa ba. Ka guji lokacin sabuwar shekararsu da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, kasuwanni da masana'antu rufewa suke yi na makonni kowa ya tafi garinsu, haka ma satin farko na Oktoba hutu ne. Daga Afrilu zuwa Satumba zafi ne mai gumi da ruwan sama, ba irin busasshen zafinmu ba, riga na manne maka a jiki minti goma da fitowa, ka zo da kaya marasa nauyi da lema da takalmin da za ka iya yini a tsaye da shi.

Za a kalle ka, musamman in ka sa kaftani da hula ka fita daga unguwannin baƙi, wani ma ya ɗaga waya ya ɗauke ka hoto, yawanci mamaki ne kawai, wani lokacin kuma za ka ga wanda ya matsa daga kusa da kai a metiro, yana da ciwo amma kada ka biye masa, kuma duk abin da ya yi zafi kada ka ɗaga murya ko hannu, akwai kyamara ko'ina, akwai kuma ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a garin, ka ajiye lambarsu.

In ka gama da sito kaya sun hau, ka ba kanka dare ɗaya ka je bakin kogi wajen hasumiyar Canton Tower, tsayinta kusan mita 600, an buɗe ta a 2010 lokacin wasannin Asiya. Ba sai ka biya ka hau ba, ka tsallaka ɗaya gefen ta dandalin Huacheng bayan magariba lokacin da ake kunna mata wuta tana canza launi, tsofaffi na rawar motsa jiki a rukuni, yara na gudu, jiragen ruwa masu fitilu na wucewa. Sai dai ka duba lokacin jirgin metiro na ƙarshe kafin ka zauna, wajen sha ɗaya na dare yawancin layuka suke fara rufewa, in ya wuce ka sai DiDi.